Ɗan Karkata Kaɗan, Ishaya

Tun da na dawo daga gabas ba a bar ni na sha shayina da zafinsa ba. Da na zauna a fada, majalisarmu ta shan shayi, sai wani ya jawo kujera kusa da ni. Habu, ka ga jirgin yana sakin wuta? Habu, wai da gaske sojoji sardin suke ci safe da rana? Habu, tsakaninka da Allah, ba ka jiƙa wando ba? Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya kai shi gaba ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya a kasuwa wani ya tare ni yana yi min barka da harsashin da aka ce ya fasa min kyamara. Babu abin da ya fasa min komai. To ga shi na rubuta, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in samu in yi aikina.

Ni dai ba ɗan jarida ba ne. Mai hoto ne a unguwar Zango ta Damagaram, tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu: hoton kartidantite, wato katin shaida, na biki, na suna, na 'yan lakwal masu karatun boko. Sana'ata gyara mutum ce kafin in ɗauke shi. Fitilu biyu gare ni a shago, ɗaya dama ɗaya hagu. In mutum ya zo da abin da ba ya so a gani, ko ido ɗaya, ko tabo, ko amaryar da ƙurji ya fito mata a kumatu ranar biki, ba na cewa komai. Sai in kashe fitila ɗaya in ce, "Ɗan karkata kaɗan." Duk Zango an san ni da wannan magana. Yara ma in sun yi dambe aka kumbura wa ɗaya ido, ce masa suke yi ya tafi wajen Habu ya karkata shi.

Wani ɗan jarida daga Yamai, sunansa Sumana, shi ya ja ni. Sun taso za su bakin iyaka wajen sojoji, a ɗauko hoton garuruwan da jirage suka yi wa ruwan wuta da yadda mutane ke komawa suna gini. Da suka iso Damagaram zazzaɓi ya kwantar da mai hotonsa a likita, wato asibiti. Ya shigo shagona a gigice yana tambaya ko na san wani saurayi mai kyamara mai kyau da ba ya tsoro. Na ce ga ni. Ya dubi furfurata, na dubi tumbinsa, muka shirya. Gaskiya zaman ne ya ishe ni. Tun da kowa ya mallaki waya, sai in wuni ina korar ƙuda daga labule, ƙafata tana ƙaiƙayi. Na amsa kafin in shawarci matata Hajara, kuma da ta ji cewa ta yi, "Kai da taya in ta fashe a titi kake shigewa bayan labule?"

Da la'asar ina goge gilashin kyamara sai ga Madam Rifkatu. Maƙwabciyata ce, Kirista, ungozoma ce da ta ajiye aiki, kuma duk 'ya'yana a hannunta suka faɗo duniya. Mijinta ya rasu. Autanta Ishaya soja ne, kuma sansaninsu ne za mu.

"Malam Habu, an ce gabas za ka."

"Wa ya faɗa miki, Madam?"

"Hajara tana kuka a tsakar gida, katanga ɗaya ce tsakaninmu, sai an faɗa min?"

Ta ajiye min kwano a ɗaure da ɗankwali ta ce alkaki ne, in kai wa Ishaya. Ba ta tafi ba. Ta tsaya tana duban hotunan da ke jikin bango.

"Da, duk Lahadi in na dawo daga eglis zai kira ni in gan shi a waya, har in yi masa faɗan aski. Tun ƙarshen damina sai murya. Wai rezo ba kyau, layin waya ba ya kamawa. Lokacin hutunsa ya zo ya bar wa wani, ya sake zuwa ya sake bari. Ni na haife shi, na san in yana kewaye-kewaye. Murya ba ta ishe ni ba, Malam Habu. Fuskarsa nake so ka kawo min."

Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne, yaron da nake ɗauka tun yana rarrafe. Na yi mata alkawari, har da dariyata. Ita ba ta yi dariya ba.

Da asuba muka hau kar, babbar motar fasinja, ta Diffa. Na rungume kwanon a cinya, jakar kyamara a wuya, Sumana ya cinye rabin kujerata. Kafin mu wuce Mirriya ya fara ba ni karatu. Hoton jarida, in ji shi, ba hoton biki ba ne. Kada in ce wa kowa ya gyara, kada in taɓa hular kowa, kada in ce a yi murmushi. In ga abu, in ɗauka, in yi shiru. Na ce to. A Gure muka tsaya shan shayi, na ga mai shayin yana zuba ruwa daga sama, hayaƙi na tashi, abin gwanin sha'awa. Na ɗaga kyamara, sai kawai na ji bakina ya ce, "Malam, gyara hularka." Mutumin ya ajiye buta, ya miƙe ƙyam kamar an kira shi gaban alƙali. Sumana ya dafe kai. Da Hausarsa ta Zabarmawa ya ce, "Habu, kai ka kashe hoto, wallahi ka kashe shi." Daga nan in zan ɗauka sai in cije leɓe.

Bayan Gure hanya ta fara nuna hali. Wani wurin yashi ya haɗiye kwalta, wani wurin ramin ya fi kwaltar yawa. Shingen jandarma kuwa ba a magana: a sauka, a jera, a nuna kartidantite, a hau, ba a yi nisa ba a sake sauka. A wani shinge jandarman ya ce in kwance ɗankwalin. Da ya ga alkaki sai fuskarsa ta saki, ya ce shi ma ɗan Damagaram ne, unguwar Birni, rabonsa da gida an daɗe. Ya ɗauki ɗaya wai don binciken tsaro. Ya kira abokinsa shi ma ya bincika. Na ɗaure kwanona da sauri, na ce musu sauran na soja ne, uwarsa ta aiko. Sai na farkon ya daina tauna, ya ce in gaida mai alkakin, Allah ya mayar da shi gida lafiya.

Abin da ya fara damuna a Diffa shirun ne. Na daɗe ban gane me ya ɓace ba, sai da na tsaya bakin titi ina ɗaga hannu kamar wawa. Babu kabu-kabu. An hana babur gaba ɗaya, don da shi maharan ke shigowa. Mu da a Zango ba ka jin sallamar maƙwabcinka saboda ƙarar babura, ga gari guda ana tafiya a ƙafa ko a motar haya. Aka sauke mu gidan wani abokin Sumana, ɗaki ɗaya, katifa ɗaya, fanka mai juyawa in ta ga dama. Matar gidan ta kawo burabusko da miyar bandar kifi, ta zuba jan tattasai har miyar ta koma kalar bulo. Na ci na ƙara. Amma gaisuwar Barebarin can ta fi ƙarfina. Mu ma a Damagaram muna taƙama da jinin Barebari, muna jan gaisuwa, amma su in an fara sai an tambayi gida, gajiya, zafi, sauro, a koma kan gida, ana tafa hannu a hankali, ba mai duban wani. Ni da nake sauri kullum, sai in ga na gama tawa na tsaya ina jira, mutumin bai kai rabi ba.

Sai jiran izini. Kullum mu tafi buron sojoji, ofishinsu ke nan, a ce mu zauna a benci, a ce mai sa hannu ya fita, a ce gobe. Na zagaye gidan da muke har na san yawan kajinsu. Alkaki ya fara bushewa, ni kuma in na rufe ido sai in ga Madam tsaye a shagona tana duban bango. Na kira lambar Ishaya don in ce masa ina tafe, ba ta shiga ba. Sumana dai barcinsa yake, ya ce aikin jarida rabinsa jira ne. Na ce da na sani da na zauna jira a shagona, ko ba komai can akwai inuwa.

Ranar da izini ya fito ba a ba mu lokacin wanka ba. Aka sa mana riga mai nauyi ta kare harsashi da hular ƙarfe. Tawa ta yi min yawa, mota na girgiza tana rufe min ido. Muka shiga jerin motocin soja, aka ce kowane direba ya ɗora tayarsa daidai kan sawun ta gaba, saboda nakiyar da ake binnewa. Aka kuma ce in an tsaya kada wanda ya sauka daga kan sawun, ko fitsari ne a yi shi a nan jikin taya. Jin haka kawai sai fitsarin ya kama ni, kuma bai sake ni ba har muka isa.

Iyakar kogi ce. Na saba da iyakar hanyar Kano, inda ɗan duwan, ɗan kwastan ke nan, zai zazzage maka jaka, wani ya karɓi takarda, wani ya ce ka koma baya, masu canji na jan rigarka. Nan ba kowa. Ɗakin duwan yana nan, ba ƙofa, ba rufi, bangon duk huda. Muka haye, sai wani allo mai rubutun Turancin Ingila da ya karkace, shi kaɗai ya shaida min na bar ƙasarmu. Wallahi sai da na yi kewar ɗan duwan. Da na ga wanda zai wulaƙanta ni a wurin nan da na rungume shi.

Sunan garin ba zan faɗa ba, an hana. Mahara sun taɓa riƙe shi, jirage suka zo suka fitar da su, garin ya biya kuɗin sabulu. Kun tambaye ni yadda abin yake. Kwanon rufi ya nannaɗe kamar takardar ƙosai. Gida ya tsage biyu, kana ganin ƙusar da aka rataya madubi, da zanen da yara suka yi da gawayi. Inda kasuwa take akwai rami, ruwan sama ya taru a ciki, awaki na sha. Hotunan farko da na ɗauka duk sun yi dishi-dishi. Kuma duk da haka ga mata na daka, ga mai gyaran rediyo ya baza kaya a ƙarƙashin rabin bango.

Muna cikin zagayawa aka ji ƙara daga sama. Kafin in ankara titi ya zama wayam, yara sun lafe jikin katanga, mai rediyo ya kife a kan kayansa. Ni kaɗai na rage a tsakiya, na ɗaga kyamara sama ina neman jirgin, hula ta rufe min ido. Wata tsohuwa ta fizgo rigata ta baya har na zauna a ƙasa, tana zazzaga min faɗa da Barbarci. Jirgin namu ne, wucewa kawai ya yi. Amma a can ba a tsayawa tambayar na wane ne. Mu a gida in jirgi ya wuce yara bin sa suke da gudu suna ɗaga masa hannu.

Akwai wani dattijo, Ba Modu, da Sumana ya so in ɗauka a gaban gidansa da ya rushe. Ya ƙi. Ya shiga wata bukka, ya fito da babbar riga da alama aro ce, ya ja ni bayan kangon inda ya tayar da sabon bango, tsayinsa bai wuce ƙirji ba, lakar ma ba ta bushe ba. Da 'yar Hausarsa ya ce, "Ɗana, wancan jirgi ya yi. Wannan ni na yi." Ya dafa bangon, ya gyara hularsa da kansa ba tare da na ce komai ba. Na dubi Sumana. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in ɗauka.

A sansani kapiten ya karanta mana doka: ban da manyan bindigogi, ban da inda ake gadi, kuma fuskar soja ba ta shiga jarida. Wanda yake so a yi masa na iyali, wannan ruwansa. Rayuwar soja kuwa, ku da kuke zaton kullum harbi ne, yawancinta wanki ne da shayi da jira. Sardin gaskiya ne, a shinkafa, a taliya, a burodi, har na fara jin ƙarninsa a cikin shayi. Akwai wata bishiya guda da rezo ke kamawa, sun rataye wayoyi a rassanta cikin safa, in ɗaya ta yi ƙara mutum biyar ke tasowa. In lokacin salla ya yi, Kiristocin cikinsu ke karɓar gadi, ran Lahadi a rama musu. Na tambayi wani saje ina Ishaya ɗan Zango. Ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi ƙasa. Sajen ya ce yana wajen bulo. Na ɗauki kwanona na nufi can.

Wajen bulo lakwal ce ake sake ginawa. Sojoji da mutanen gari sun yi layi suna miƙa wa juna tubali daga hannu zuwa hannu, wani na ba da waƙa ana amsawa. Na tuna karatun Sumana, na cije leɓe, na tsaya daga nesa ina ɗauka ba sallama. Wani soja rawaninsa ya warware ya faɗi, tubali a hannunsa ba damar ɗauka, abokansa na yi masa tsiya, shi kuma ya kece da dariya. Na danna. Sai bayan na danna na ga abin da na ɗauka. Gefen hagun fuskarsa, daga kunne har wuya, fatar ta tattare tana sheƙi, kunnen ya nannaɗe ya koma ɗan guntu. A raina na ce Allah sarki, ɗan wani. Sai na ga wushiryar nan da na sani tun yana yaro, wushiryar Ishaya.

Shi ma ya gan ni. Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye tubalin, ya ɗauki rawanin ya naɗe fuskarsa, sannan ya taho.

"Kawu Habu. Me ya kawo ka nan?"

"Uwarka," na ce, na miƙa masa kwanon.

Muka zauna a inuwar bangon. Ya kwance ɗankwalin, ya shinshina shi kafin ya taɓa alkakin. Ya ce nakiya ce ta tashi da motarsu, wuta ta kama, shi ya fita, biyu ba su fita ba. Ya yi jinya a likitar soja, ya roƙi kada a sanar da gida, da ya warke ya roƙi a mayar da shi nan. Idon yana gani, kunnen yana ji kaɗan.

"Ishaya, matar nan ta karɓi haihuwar rabin Zango. Wane irin ciwo ne ba ta gani ba?"

"Ta ga na mutane, Kawu. Ba ta ga nata ba. Tun rasuwar Baba jininta ke hawa. Ka san yadda take kallona in na shiga gida? Ba zan iya tsayawa ta kalle ni da wannan ba."

Na faɗa masa abin da ta aike ni. Ya juya alkaki a hannu. Sai ya ɗago, ya yi wani ɗan murmushi da gefen da ke motsi.

"To ai kai ne maganin abin. Karkata ni."

Na ji kamar an mare ni, amma hannuna ya riga ya san aikinsa. Na tsayar da shi inda rana ke dukan dama, na sa bangon ya yi wa hagu inuwa, na gyara masa wuyan riga, na ɗaga haɓarsa da yatsa. Na ce, "Ɗan karkata kaɗan." Tun da nake sana'ar nan ban taɓa yin hoto mai kyan wannan ba. Ya duba, ya daɗe yana duba, ya ce haka yake a da. Sannan ya kama hannuna.

"Wannan kaɗai za ta gani, Kawu. Ka yi min alkawari."

Na yi masa.

Dawowa ban san me na ci ba, ban san inda muka kwana ba. Sumana na ta murna da hotuna, ya ce na Ba Modu zai shiga shafin farko, ni kuwa kaina na wani wuri. In mota ta tsaya in ƙosa ta tashi, in ta tashi in so ta lalace. Sau da yawa na buɗe hoton wajen bulo zan goge, yatsana ya ƙi. Da muka hango duwatsun Damagaram, maimakon in ji daɗi sai na ji da ma ba mu iso ba.

Na wanke na karkacen babba, na sa shi a gilashi, na aika a kira Madam. Ta zo da hantsi, ta zauna, ta sa tabarau. Ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau," ta ce.

Na saki numfashi. Na fara ba ta labarin bishiyar rezo, ina ta zuba kamar rediyo. Ta ɗaga min hannu.

"Malam Habu, hoto nawa ka yi wa yaron nan tun yana goye?"

"Ai ba za su ƙirgu ba, Madam."

"A cikinsu akwai wanda ka taɓa karkata shi?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ƙanwata Saratu mai hakiya, ka karkata ta. Mijina, shekarar da bakinsa ya shanye, ka karkata shi, ina tsaye a nan ina riƙe masa hula. Ni za ka kawo wa wannan?" Ta ɗora yatsa a kan inuwar da ke gefen hagu. "Me ke nan wajen?"

"Na yi masa alkawari, Madam."

"Wa ka fara yi wa, ni ko shi?"

Na tashi na rufe ƙofar shago, na matso da ruwa kusa da ita don ina tsoron ta faɗi, na ɗauko kyamara na nemo hoton wajen bulo. Ta karɓa da hannu biyu. Ta ce in ƙara masa girma, na ƙara. Ta bi tabon da ido daga kunne har wuya, a hankali, yadda na sha ganin tana duba cibiyar jariri. Da ta yi magana, muryarta ba ta rawa.

"Ƙuna ce. Idon yana gani?"

"Yana gani."

"Kunnen fa?"

"Yana ji kaɗan."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in mayar da hoton yadda yake, ta ga duka.

"Dariya yake yi," ta ce.

"Dariya yake. Rawaninsa ne ya faɗi, abokansa na tsokanarsa."

Ta ƙara kusanto da shi fuskarta. Can ta ce, "Ya rame. Ba sa ba su abinci ne?" A nan muryar ta karye. Ta kifa kai a kan kyamarar ta yi kuka, ni ma na juya na fuskanci labule na yi nawa, ba na jin kunyar faɗa. Da ta gama ta share ido da bakin mayafi, ta tura min mai gilashin gefe.

"Wannan ka riƙe abinka. Wancan za ka wanke min, babba."

Da yamma na yi ta kiran Ishaya har Allah ya sa wayarsa na rataye a bishiya. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa masa.

"Kawu, ka ci amanata."

"Na ci."

Ina jin iskar can tana busawa a wayar.

"Me ta ce?"

"Ta ce ka rame."

Na ji wani sauti, ban san ko dariya ba ne ko kuka, wataƙila shi ma bai sani ba. Sai layin ya yanke. Har yau bai sake kirana ba, kuma ban ga laifinsa ba. Amma ran Lahadin da ta biyo, Hajara ta ce ta jiyo Madam ta katanga tana yi wa wani faɗan aski.

Jiya Madam ta leƙo shago ta ce Ishaya ya sa sunansa a masu zuwa hutu, sai dai ba a san ranar da za a sake shi ba. Ta ce ranar da ya sauka, kafin ya cire takalmi za ta kawo shi nan in ɗauke su tare. "Kuma in na ji ka ce ɗan karkata, Malam Habu, ni zan fasa maka kyamarar da harsashi bai fasa ba."

Shi ya sa kuke ganin ba na zama a fada yanzu. Da na ji hon ɗin kar ta Diffa sai in tsinci kaina a bakin ƙofa ina leƙe, ko da na san ba ranar ba ce. Na wanke labule, na ɗaure ƙafar bencin da ke rawa. Fitilar hagu ta daɗe da ƙonewa ban damu ba, don ba kasafai nake kunna ta ba. Na sayo mata sabon ƙwai, na gwada, tana kamawa.